Daga Teburin Mahauci Zuwa Tukunyar Dare

Wani dare cikin watan Afrilu, lokacin da zafin Garwa, a arewacin Kamaru, kan wuce digiri 40 har bangon ɗaki ya ƙi taɓuwa, ina kwanan aiki a ƙaramin asibitin da nake sai aka shigo mana da mutum biyar 'yan gida ɗaya: uwa, 'ya'yanta uku da ƙanwar miji. Amai da gudawa, ƙaramin cikinsu har idonsa ya faɗa. Maigidan ne kaɗai ke tsaye da ƙafarsa, don shi a waje ya ci abincin dare. Bayan mun sa wa yaron ruwa na ce masa, "Malam, me aka ci a gidan nan?" Ya ce, "Tuwon masara ne da miyar kuɓewa, Malama. Har da nama, mai yawa ma." Da na bi diddigi, ashe saniyar wani maƙwabci ce ta kwanta ta kasa tashi, aka yi maza aka sa mata wuƙa kafin ta zama mushe, aka yi watanda da araha. Da hantsi ya karɓi kasonsa, ya ƙulle a baƙar leda, ya rataya a kan mashin, ya tafi nemansa. Bai dawo gida ba sai bayan la'asar. Matar ta gaya mini daga baya, murya ƙasa-ƙasa, cewa tun da ta kwance ledar ta ji warin ya canza, amma ba ta so ta ɓata masa rai, mutum ya yi ƙoƙari ya kawo nama. Sai ta ƙara daddawa da yaji ta dafa.

Abu biyu suka taru a tukunyar nan, dabba marar lafiya da yini guda cikin leda a rana, kuma duk sun faru tun kafin a hura wuta. Shi ya sa maganar nan ba ta mata kaɗai ba ce. A yawancin gidajenmu na Yelwa da Rumde Ajiya da sauran unguwanni namiji ne ke yin cefane, mace ta dafa abin da aka miƙo mata.

Mu fara da maganar yanka, don nan muka fi ruɗin kanmu. In an ce "ai an yanka ta, ba mushe ba ce", hankalin kowa sai ya kwanta. Yanka yana halatta nama, wannan haka yake, amma wuƙa ba ta kashe cutar da ta kwantar da dabbar. Wadda ta fi ba mu tsoro ita ce ciwon saifa. Dabba tana kiwonta lafiya ƙalau, kafin wani lokaci ta faɗi, jini baƙi wanda ba ya daskarewa yana fita ta hanci da dubura, in an buɗe cikin a tarar saifa ta kumbura ta yi baƙi ƙirin. Wanda ya feɗe ta yana iya samun gyambo mai baƙin ɓawo a hannu ko wuya, wanda ya ci naman kuwa cutar na iya kama masa hanji, kuma tana kisa. Irin wannan dabba ko buɗe ta ba a yi, domin ƙwayar cutar in ta zuba a ƙasa tana iya shekaru masu yawa da ranta tana jiran wata dabbar. A kira ma'aikacin dabbobi, a binne ta da zurfi. Ga shi kuwa nan kusa da mu, a Bokle, akwai LANAVET, inda ake haɗa alluran rigakafin dabbobi. Mai shanu da ke yi wa garkensa rigakafi a kan lokaci ya taimaki kansa, ya taimaki masu cin nama.

Akwai kuma wani abin da ido ba ya gani. Kafin a yanke ƙauna da saniya marar lafiya, galibi mai ita ya riga ya yi ta ɗura mata allurai, musamman irin su oksitetrasiklin da ake sayarwa a kasuwannin shanu. Kowace kwalba tana da kwanakin da aka rubuta a jikinta da za a jira kafin a yanka dabbar, wasu sati uku, wasu har huɗu. Wanda ke tsoron asara ba zai jira ba. Maganin yana nan cikin tsoka da hanta da ƙoda, dafuwa ba ta gama kawar da shi, mu kuma mu yi ta ci kaɗan-kaɗan har ƙwayoyin cuta su saba da shi, ranar da muke buƙatarsa a asibiti ya ƙi aiki. Don haka in kun ji nama ya yi araha fiye da ƙima, ku tambayi dalili. Banza ba ta kai zomo kasuwa.

Naman kwata ya bambanta da na bayan gida ne saboda akwai wanda ke duba shi. Ma'aikatan ma'aikatar kiwo, MINEPIA, suna duba dabba tun tana tsaye, in an feɗe kuma su tsaga huhu da hanta da zuciya da harshe da kaluluwa. Na taɓa tsayawa kusa da ɗayansu da asuba yana wannan aiki. Ya tsaga wata kaluluwa ta kusa da huhu, wuƙar ta yi ƙaras kamar ta shiga yashi, cikin ya fito rawaya-rawaya a dunƙule. Ya ce mini tarin fuka ne na shanu, kuma yana kama mutum, ya fi bi ta ɗanyar madarar da ba a tafasa ba. Daga waje saniyar nan ba ta da laifi ko kaɗan, har tozo gare ta. Naman da ya tsallake wannan dubawa ana buga masa tambari da tawada a jikinsa. Ba abin kunya ba ne ka ce wa mahauci, "Sarkin fawa, ina tambarin?" Mai gaskiya zai juyo maka da cinyar ka gani, har ya ƙara maka gyara. Wanda ya fusata kuwa ya riga ya ba ka amsa.

To, ga ka gaban tebur. Ido ba mudu ba ne amma ya san ƙima. Naman sa mai kyau ja ne mai haske, in ka danna shi da yatsa ramin yana ciko nan da nan, ba ya yauƙi, ba ya manne wa hannu. Wanda ya fara kore-kore ko ya yi baƙi yana naso, ka bar shi ko da kyauta ne. Ka sunsuna, musamman kusa da ƙashi, don daga nan ruɓa kan fara. Hanta kuma a sa mahauci ya tsaga ta a gabanka. Dabbobin da ke kiwo a fadamun Binuwai da gefen Lagdo, madatsar ruwan da ke ba mu wutar lantarki, sukan kwaso tsutsar hanta, wata fallen aba mai kama da ganye, wadda ke rayuwa a jikin katantanwa kafin ta hau ciyawa. Ba ta hanyar cin irin wannan hanta mutum ya fi kamuwa da tsutsar ba, amma hantar da ta yi fararen jijiyoyi masu tauri ta riga ta lalace, kuɗinka kawai za ka zubar. A zuciya da harshe da naman kumatu kuwa a duba wasu 'yan fararen ƙwayoyi kamar tsabar shinkafa. Su ne 'ya'yan tsila. In mutum ya ci su cikin naman da bai dahu ba, tsila ta girma a hanjinsa har ta kai mita biyar ko fiye, yana ganin gutsattsarinta a wando yana jin kunyar faɗa. Maganinta yana nan a asibiti, ba shi da wuya. Abin da ya kamata mu sani shi ne daga wurinmu saniya ke samunta: mutum ya yi bahaya a fili, ƙwan ya hau ciyawa, saniya ta ci, mu kuma mu ci saniya. Masai a gida yana cikin gyaran nama, ko da yake ba wanda ke kallonsa haka.

Lokacin saye kuwa safiya ce. Da asuba ake yanka, naman da ka saya da ƙarfe takwas da wanda ka saya da ƙarfe biyar na yamma saniya ɗaya ce amma ba nama ɗaya ba ne. Tsakanin digiri 5 da 60 ƙwayoyin cuta ke hayayyafa, a irin zafinmu kuwa wasunsu sukan ninka kansu cikin kamar minti 20. Ƙwaya ɗaya da hantsi, kafin la'asar ta zama miliyoyi. Baƙar leda a rana kuwa ɗakin haihuwa ce a gare su. Mutane sukan ce ai wuta tana kashe komai. Tana kashe ƙwayoyin, amma wasunsu kafin su mutu sun riga sun zuba guba a cikin naman, gubar kuma tafasa ba ta karya ta. Malam, in ka sayi nama, ka kai gida tukuna ko ka aika yaro, sannan ka wuce harkarka.

Ke kuma 'yar'uwa, da ya iso kada ki ajiye shi sai yamma. Ki wanke, ki sulala shi da gishiri da albasa har ya tafasa sosai, in da hali ki soya, sannan ki rufe. Masu firji, ko firigo yadda muke cewa a nan, kada ku dogara da shi ido rufe. Kun san yadda wuta ke ɗaukewa a watannin da ruwan Lagdo ya ja baya. Naman da ya narke ya yi ɗumi, wuta ta dawo ya sake daskarewa, kamanninsa ba sa canzawa amma cikinsa ya canza. A ƙulla shi ƙulli-ƙulli daidai girki ɗaya, wanda ya narke a dafa shi a ranar.

Wani abin da nake yawan gani in na shiga gidaje: a yanka ɗanyen nama a kan faranti, a goge wuƙar da gefen zane, a yanka tumatir da albasar da za a zuba a kan dafa-duka ko kwaɗon zogale ba tare da sun ga wuta ba. Naman ya dahu lafiya, cutar kuma ta bi ta kwaɗo ta shiga ciki. Wuƙa da faranti da hannu duk a wanke da sabulu bayan an taɓa ɗanyen nama, ruwan wankin kuma a zubar nesa da inda yara ke rarrafe. Miyarmu ta kuka da kuɓewa da yakuwa da tasba ba ni da damuwa da su, don suna daɗewa a wuta. Inda ake samun matsala gashi ne. Balangu mai kauri da kaza gasasshiya sukan ƙone a waje, ciki kuwa da jini. A tsaga wurin da ya fi kauri, kusa da ƙashi, in ruwan da ya fito ja ne a mayar kan wuta. Ana so cikin nama ya kai digiri 70. Abincin da ya kwana kuma ɗumame na gaske za a yi masa, ya tafasa yana tururi, ba a ɗora a sauke ba. Dafaffen abinci bai kamata ya wuce awa biyu a ajiye ba tare da wuta ko sanyi ba.

Ba dole ne kullum sai jan nama ba. Muna da kifi, karfasa da tarwaɗa da giwan ruwa, ga zabi ga kaji ga ƙwai. Ɗanyen kifi a duba idonsa ya zama garau, a ɗaga kunnensa a ga cikin ja. Banda kuwa a sunsuna, domin akwai masu fesa mata maganin ƙwari don kada ta yi tsutsa, in ka ji warin magani ko ka ga ko ƙuda ba ya sauka a kanta ka wuce gaba. Kaza da ta fara gyangyaɗi lokacin hunturu, ko wadda aka tarar ta mutu a akurki, ba ta tukunya ba ce. Murar tsuntsaye da ta fara bayyana a Kamaru a 2006 a jikin agwagi aka gano ta a Marwa, ba wata ƙasa mai nisa ba.

Masu hali da ba sa kwana sai sun ci tsire, masana ciwon daji suna ba da shawarar kada dafaffen jan nama ya wuce giram 350 zuwa 500 a sati, mai hawan jini kuma ya rage kitse da dunƙulen magi, don yawancinsa gishiri ne. Amma a gaskiya a gidajen da nake shiga ba yawan nama ne matsala ba, rabonsa ne. Tsoka ta tafi kwanon maigida, yara su samu ƙashi, mai ciki ta sha romo. Alhali su ne jininsu ya fi ƙaranci. Yaro daga wata shida yana iya cin nama ko kifi ko hanta in an dafa an daka masa lilis cikin kununsa ko tuwonsa. Ƙwai ma haka, kuma ban taɓa ganin yaron da ƙwai ya koya wa sata ba. Mai ciki ta ci nama da kifi sosai, sai dai hanta kada ta yawaita, musamman a farkon ciki.

In duk da haka ciki ya ɓaci, a fara ba da ruwan gishiri da sukari tun a gida: lita ɗaya ta tafasasshen ruwa, ƙaramin cokali shida na sukari, rabin ƙaramin cokali na gishiri, ko kuma fakitin da muke bayarwa a asibiti. Yaron da ya kasa sha, ko idonsa ya faɗa, ko aka ga jini a bayan gidansa, a kawo shi ko tsakar dare ne, kada a jira gari ya waye. Ku gaya mana abin da aka ci da inda aka samo shi, ba don mu kama kowa ba. A daren nan da na ba ku labari, da maigidan ya ambaci watanda sai muka tura ƙaninsa ya buga ƙofar sauran gidajen da suka karɓi kaso. A gida biyu an riga an ci, aka kawo mana wata tsohuwa kafin asuba. A gida na uku naman yana nan a rufe cikin kwano, an ajiye shi don miyar gobe.