Sujada ba sanyin kiɗa ba ce

Kwanan nan duk mawaƙin bishara da ya fitar da sabon kundi, sai ka ga an liƙa masa suna "waƙoƙin sujada". Wata Lahadi da safe na ji mai gabatar da shiri a rediyo yana cewa: "Mun gama yabo, bari mu rage wuta mu shiga sujada." Nufinsa an ajiye ganga, an koma piyano a hankali. Wato mai zafi yabo, mai sanyi sujada. Wannan rabon yana ci mini tuwo a ƙwarya.

Daga Larabci muka aro kalmar, kuma ko yaro ya san ma'anarta: goshi a ƙasa. Maƙwabtanmu Musulmi suna yin ta kullum cikin salla. Ita ce kuma kalmar da ke cikin Littafi Mai Tsarki na Hausa, wanda ya fito cikakke a 1932, domin kalmomin Ibrananci da Helenanci da ta fassara su ma suna nufin rusunawa har ƙasa.

Ku buɗe Farawa sura 22. Ibrahim ya yi tafiya, a rana ta uku ya hango wurin a ƙasar Moriya. Sai ya ce wa barorinsa biyu su tsaya da jaki, shi da ɗansa Ishaku za su je can su yi sujada su komo. Me ya ɗauka? Itace a kan Ishaku, wuta da wuƙa a hannunsa. Babu mawaƙi, babu molo, babu mai ɗaga hannu. Dattijo ne yake hawan dutse zai miƙa abin da ya fi ƙauna a duniya, kuma da bakinsa ya kira wannan tafiya sujada. In na tuna da wannan, nakan ji nauyin kalmar ƙwarai, ba na son a mai da ita sunan salon kiɗa.

Ba wai ina ƙin kundayen nan ba ne, ina sauraronsu. Akwai ma bambanci na gaske tsakanin kundin pop na Kirista da wanda ya cancanci a ce na sujada ne, sai dai ba a saurin kiɗa yake ba. Na farkon, mawaƙi ne yake ba ka labarin bangaskiyarsa, kai kana ji a mota ko a waya. Na biyun, ga Allah ake magana kai tsaye, galibi a gaban taro ake ɗaukarsa, kalmomin kuma masu sauƙi ne don kowa ya kama. Shi ya sa waƙar "Way Maker" ta mawaƙiyar Najeriya Sinach, wadda ta fito a 2015, ta ratsa majami'u har Amurka, ta lashe kyautar waƙar shekara a gasar Dove ta waƙoƙin Kirista a 2020: jama'a ne suka karɓe ta daga bakinta.

To, in sanyin kiɗa ne ma'auni, ina za mu kai Zumuntar Mata, ƙungiyar matan coci? Ku tuna su da atamfa iri ɗaya, uwar zumunta na ba da waƙa ana amshi, ana bugun bakin tulu, gumi na zuba. Na taɓa ganin wata tsohuwa a cikinsu ta durƙusa tsakiyar waƙa, kiɗa na kan ganiyarsa, ta kifa goshinta a siminti tana hawaye. Mai shirin rediyon nan da zai ce ba a kai ga sujada ba tukuna.