Barcin hunturu: me ake nufi da shi, kuma kunkurunmu na yin sa?

Masu bin Facebook sun sha ganin bidiyon Bature ya buɗe firji, ya ciro kunkuru daga cikin akwati, ya ɗora shi a sikeli, ya mayar. A ƙauyukanmu na wajen Gumel da Haɗeja akwai gidajen da ke ajiye kunkuru a tsakar gida, don haka ba mamaki wani ya ɗauka shi ma haka ya kamata ya yi. Abin da ke cikin bidiyon nan shi ake kira barcin hunturu.

Kunkuru ba ya samar da ɗumin jikinsa kamar akuya ko kaza, daga rana da ƙasa yake samu. A ƙasashe irin su Girka da Italiya da Turkiyya, idan sanyi ya kankama ganye ya ƙare, sai ya tona ƙasa ya shige. Bugun zuciyarsa ya ragu, numfashi ya yi ƙasa, ciki ya daina narkar da abinci. Haka zai kwanta watanni yana rayuwa da kitsen da ya tara. Irin waɗannan kunkuru ne aka kwasa zuwa Ingila ana kiwonsu a gidaje.

Barcin yana da sharaɗi mai tsauri: sanyin wurin ya tsaya kusa da digiri 5 a ma'aunin salshiyas. In ya sauka ƙasa da sifili, ƙanƙara na iya makantar da shi ko ta kashe shi. In ya haura digiri 10, jiki zai farka ya soma cin ajiyarsa, alhali babu abin da ke shiga ciki. A da, mai kunkuru a Ingila kan sa shi a akwati ya ajiye a rumfar bayan gida, sanyin gari ya yi masa sauran aikin. Yanzu hunturun nasu ya daina tsayawa wuri guda. A watan Fabrairun 2019 an auna digiri 21.2 a Landan, ranar 1 ga Janairun 2022 kuma ya wuce digiri 16. A irin wannan rana kunkuru kan farka, ya yi fitsari, ya zubar da ruwan da ya tanada a mafitsara, bayan kwana biyu sanyi ya dawo ya same shi ba ruwa ba ƙarfi. Shi ya sa suka koma ga firji, domin sanyinsa ba ya hawa da sauka. Kafin a sa shi sai an hana shi abinci na 'yan makonni don kada abinci ya ruɓe masa a ciki, ana yi masa wanka da ruwan ɗumi ya sha. Bayan haka ana buɗe ƙofar kullum iska ta shiga, ana auna shi, in ya rasa fiye da kashi 1 cikin 100 na nauyinsa a wata sai a tashe shi. Marar lafiya ko ramamme ba a sa shi ko kaɗan.

To, babban kunkurun nan namu mai ruwan ƙasa ɗan Sahel ne, daga Senegal har Habasha ake samunsa, kuma shi ne na uku a girma a duniya. Ba ya barcin hunturu, ba a halicce shi da shi ba. Wanda ya sa shi a firji ya kashe shi. Abin da yake gudu shi ne zafin bazara da fari: yana haƙa rami mai zurfi ya lafe inda ƙasa ke da laima, kamar yadda gaiwa ke shigewa laka a fadamun Haɗeja har ruwa ya dawo.

Abin da ya fi damuna shi ne kunkurun da aka ajiye a kan daɓen siminti, ba inda zai haƙa. A daren Disamba da Janairu, lokacin da iskar hunturu ke busowa, irin wannan yana kwana a fili. Gari ya waye a gan shi ya ƙi motsi ya ƙi ci, a ce ai barcinsu na sanyi yake yi. Sanyi ne ya kama shi, kuma daga nan ciwon huhu ke farawa. A bar masa wani lungu mai ƙasa ya haƙa raminsa, ko a shigar da shi ɗaki da dare a kan busasshiyar ciyawa. Da hantsi a fito da shi ya sha rana, a ajiye masa ruwa a faffaɗan kasko, a ba shi ciyawa da ɗan harawa maimakon ragowar tuwo da shinkafa. In aka ga majina a hancinsa, ko yana buɗe baki yana numfashi, a kai shi wurin likitan dabbobi ba tare da jira ba.