Dervorguilla ta Galloway

Dervorguilla (an haife ta wajajen 1210, ta rasu a 1290) basarakiya ce daga Galloway da ke kudu maso yammacin Sikotland, kuma tana cikin matan da suka fi kowa dukiya a Birtaniya ta zamaninta. Mahaifinta Alan shi ne mai mulkin Galloway. Mahaifiyarta Margaret kuwa babbar 'yar David ce, mai sarautar Huntingdon, ƙanen Sarki William na Sikotland.

A wancan zamani auren 'yar babban gida harkar ƙasa ce da gado. Iyaye da sarki ne ke zaɓar miji, kuma filayen da mace ta gada mijin ne ke juya su muddin yana raye. Haka aka aurar da ita ga John Balliol, mai gidan sarautar Barnard da ke arewacin Ingila. Da Alan ya rasu a 1234 bai bar ɗa namiji ta hanyar aure ba, sai 'ya'ya mata uku. Mutanen Galloway suka ƙi yarda a yayyaga ƙasarsu a miƙa wa surukai baƙi, suka yi bore a 1235 suna goyon bayan Thomas, ɗan da Alan ya haifa ba ta aure ba. Sarki Alexander na Biyu ya murƙushe su, aka raba ƙasar. Thomas ya shafe shekaru aru-aru a tsare a gidan Barnard, wato a hannun 'yar'uwarsa da mijinta, abin da masu yabonta ba su cika ambata ba. A 1237 kuma kawunta John, mai sarautar Chester, ya rasu babu magaji, ta ƙara samun filaye a Ingila.

Sai bayan rasuwar mijinta a 1268 ne aka ga ko wace ce ita, domin a dokar lokacin bazawara na da ikon riƙe dukiyarta da kanta, ta buga hatiminta a takarda. Ba ta sake aure ba. Ta sa aka ciro zuciyar mijin, aka gyara ta da magunguna don kada ta lalace, aka sa a wani ɗan akwatin hauren giwa mai ɗaurin azurfa, ta riƙa ajiye shi kusa da ita har ƙarshen rayuwarta. A 1273 ta kafa wa 'yan ɗariƙar Kirista ta Cistercian gidan ibada kusa da garin Dumfries domin tunawa da shi, wanda yau ake kira Sweetheart Abbey. Jajayen bangayensa na nan tsaye, ko da yake rufin ya daɗe da zubewa.

Aikinta da ya fi daɗewa yana Oxford. Wajajen 1263 mijinta ya fara ɗaukar nauyin wasu ɗalibai matalauta a can, a matsayin kaffara bayan rigimarsa da Bishop na Durham, amma ya rasu abin bai tsaya da ƙafafunsa ba. Ita ce ta ware masa dukiya ta dindindin, ta kuma ba shi ƙa'idoji a 1282: ɗalibai su zaɓi shugaba daga cikinsu, su riƙa magana da Latin, su yi wa mijinta addu'a, kuma a ciyar da wani ɗalibi mabuƙaci daga abincin da ya ragu. Wannan ita ce Kwalejin Balliol. Sunan mijin take ɗauke da shi, alhali da ba don matar ba da wuya ta kai labari.

Ta rasu a watan Janairun 1290, aka binne ta a gidan ibadar da ta gina tare da akwatin nan. Manyan 'ya'yanta maza sun riga ta rasuwa, gado ya faɗa kan ɗanta John. A shekarar ce kuma wata Margaret, yarinyar da za ta gaji sarautar Sikotland, ta rasu a hanyarta daga Norway. Masu neman gadon sarauta suka yi yawa, aka kai magana gaban Sarki Edward na Ɗaya na Ingila. Hujjar John ta uwa ce: kakarsa ce babbar 'yar David, shi kuwa abokin takararsa Robert Bruce ɗan ƙanwarta ne. Da wannan aka naɗa shi sarki a 1292, Edward ɗin kuma ya tuɓe shi a 1296.