Yadda doka ta tsara kwamitocin da ke ba gwamnati shawara kan fim da talabijin

Duk gwamnatin da ke son tsara harkar fim da talabijin tana cin karo da matsala guda: jami'anta ba su san ciki da wajen sana'ar kamar masu yin ta ba. Shi ya sa ake kafa kwamitocin ba da shawara, a zaunar da furodusoshi, masu gidajen talabijin, injiniyoyi da wakilan masu kallo. A idon doka, aikinsu bai wuce shawara ba. Hukuma ce ke da wuƙa da nama, ta ga dama ta ɗauka, ta ga dama ta ajiye.

Sai dai shawarar takan yi nisa. A 2010 Amurka ta yi dokar da ta umarci hukumar sadarwarta, FCC, ta kafa kwamiti kan yadda kurame da makafi za su amfana da shirye-shiryen bidiyo. Kwamitin ya miƙa rahoto a 2011, kuma a 2012 hukumar ta fitar da ƙa'idar cewa shirin da aka nuna a talabijin ɗauke da rubutun maganganu a ƙasan allo, dole ne rubutun ya biyo shi idan aka ɗora shi a intanet.

Wancan kwamiti dokarsa ta musamman ce ta kafa shi, amma yawancin takwarorinsa a Amurka suna ƙarƙashin dokar kwamitocin shawara ta tarayya ce ta 1972, wadda aka yi domin hana 'yan kasuwa raɗa wa gwamnati magana a bayan fage. Dokar ta ce a sanar da zama tun kafin ranarsa a jaridar gwamnati, a bar ƙofa buɗe ga jama'a sai in akwai dalilin da doka ta amince da shi, a kuma rubuta abin da aka tattauna yadda kowa zai iya nema ya karanta. Ba a zama sai da jami'in gwamnati a wurin, kuma yana da ikon tashin taron. Bayan shekara 2 kwamitin ya rushe ke nan, sai fa idan an sabunta shi.

Sharaɗin da ya fi jawo gardama shi ne wanda ya ce a daidaita ra'ayoyin mambobi. Dokar ba ta ƙayyade kujera nawa kowane ɓangare zai samu ba, kuma a ganina nan ne gizo ke saƙar. Babban kamfani yana da lauyan da albashinsa na halartar irin wannan zama ne, yana zuwa da takardunsa a shirye, alhali ƙaramin furodusa sai ya ajiye kyamara ya yi asarar yinin ɗaukar fim kafin ya zo ya faɗi nasa.

Birtaniya ta bi wata hanyar. Dokar sadarwa ta 2003 ta wajabta wa Ofcom, hukumar da ke kula da harkar sadarwa a ƙasar, kafa majalisar kula da abin da ake watsawa, wadda mafi yawan mambobinta ba 'yan hukumar ba ne kuma ba ma'aikatanta ba, tare da ware wa Ingila, Sikotland, Wales da Ireland ta Arewa wakili kowacce.