Mene ne "Hawker Centre"? Masu tallar da aka zaunar wuri ɗaya a Singafo

Wanda ke yawan kallon bidiyon abincin Asiya a YouTube ko TikTok ba zai rasa cin karo da wannan suna ba. A Turanci "hawker" mai talla ne, wanda ke ɗauke da hajarsa yana bin unguwa yana shela. Amma in ka shiga hawker centre a Singafo ba za ka ga mai yawo ko ɗaya ba. Babbar rumfa ce mai rufi, iska na shiga ta ko'ina, fankoki na juyawa a sama, ƙananan shagunan girki jere da juna, tebura kuma a tsakiya na kowa da kowa. Sunan talla ne ya rage, tallar kanta an daɗe da binne ta.

Lokacin da Singafo ta samu 'yanci a 1965, titunanta cike suke da masu dafa abinci a kan amalanke, ruwan wanke-wanke na malala cikin kwata, ga cunkoso, ga tsoron kwalara da taifot. Gwamnati ta yi musu rajista a 1968 da 1969, sannan tsakanin 1971 da 1986 ta gina waɗannan rumfuna ta kwashe su daga bakin titi, ta ba su famfo da wuta da haya mai sauƙi. Yau akwai irinsu fiye da 100, hukumar muhalli ta NEA ke kula da tsaftarsu, kuma a Disamba 2020 UNESCO ta sanya al'adar cikin jerin gadon al'adun duniya. Malesiya da Hong Kong ma suna da nasu. Ka ɗauka an tattara masu shayi da Indomie da masu farfesun tasha an ba kowa shago ƙarƙashin rufi ɗaya, to ka kusa gane hoton.

Abin da ya fi burge ni shi ne galibin shagunan ba sa haɗa girki barkatai. Tsoho zai shekara talatin yana abinci ɗaya ko biyu, kuma sirrin yana cikin tukunyar romon da ya ɗora tun kafin asuba. Shi ya sa taliya da romo su ne ma'aunin gwani a can.

Da ka isa gaban mai taliya, tambayoyi biyu ke jiranka. Wace iri? Akwai mee, mai ruwan ɗorawa, ta alkama. Akwai bee hoon, siririya ta garin shinkafa. Akwai kway teow mai faɗi. Sai ta biyu: cikin romo ko busasshiya? Busasshiyar ba wai gaya ba ce, ana juya ta ne da yaji da miya mai kauri, a ba ka romon daban a ƙaramin kwano.

Laksa ce sarauniya. Taliyar shinkafa ce cikin romon madarar kwakwa da barkono da busasshen jatan lande, mai kauri da maiƙo, launinsa kamar na miyar da ta sha manja. A unguwar Katong ana gutsuttsura taliyar yadda cokali kaɗai ya ishe ka. Ni dai na fi karkata ga girkin 'yan ƙabilar Malay. Mee rebus ana kwarara mata miya mai kauri da aka ɗaure da dankalin Hausa, a ɗora dafaffen ƙwai da ɗanyen barkono, kai kuma ka matsa lemun tsami. In ka manta da lemun, zaƙin zai gundure ka kafin ka kai rabi. Mee soto kuwa romon kaza ne da kurkum, marar nauyi, irin wanda mai mura ke nema. Musulmi 'yan asalin Indiya su ke da sup kambing, farfesun naman akuya ko rago da ake dangwala da burodi, da kuma sup tulang, ƙasusuwa cikin jar miya, wanda ake zuƙe ɓargonsu da bututun shan lemo. Ba a cinsa da farar riga.

Nan ne Bahaushe matafiyi zai buɗe ido. Yawancin shagunan Sinawa suna amfani da naman alade ko kitsensa, har a romon da sunansa bai nuna haka ba. Taliyar bak chor mee, wadda wani shagonta mai suna Hill Street Tai Hwa ya samu tauraron Michelin (lambar yabo ta gidajen abinci) a 2016, da niƙaƙƙen alade ake yinta, kuma ko taliyar jatan lande sau da yawa da ƙashin alade ake dafa romonta. Sai a duba takardar halal ta MUIS, majalisar harkokin Musulunci ta ƙasar, ko a nemi shagon Musulmi. Rumfunan Geylang Serai da Tekka suna da su da yawa. Hatta wurin mayar da kwanuka an raba, na halal daban, kuma tun Satumba 2021 wanda ya tashi ya bar kwanonsa a tebur yana iya shan tara.

Akwai wata kalma da ke tafiya tare da cin abinci a waɗannan rumfuna, wato "chope". Kafin ka shiga layin abinci za ka ajiye ƙunshin tishu a kan tebur, shi ke nan ka kama wuri, ba mai zama. Baƙi da yawa sun sha ɗaukar tishun suna goge hannu, suna zaton kyautar gida ce, sai ga mai wurin ya iso da kwanon laksa yana tururi.