Gadon Sarauta a Gidan Al Sa'ud

Gidan Al Sa'ud shi ne gidan da ke mulkin Saudiyya. Asalinsa daga Dir'iyya ne, kusa da Riyad, inda Muhammad bin Sa'ud ya ƙulla alkawari da Shehu Muhammad bin Abdulwahhab a 1744. Sau biyu daular gidan tana rushewa: ta farko a 1818 a hannun rundunar Ibrahim Pasha daga Masar, ta biyu kuma a 1891, bayan 'ya'yan Faisal bin Turki sun yi ta yaƙar juna a kan gado har gidan Al Rashid ya samu kafar ƙwace Riyad. Abdul'aziz bin Abdurrahman ya sake karɓe garin a 1902, ya kafa masarautar yanzu a 1932.

Tun rasuwarsa a 1953, duk sarakunan da aka yi 'ya'yansa ne: Sa'ud, Faisal (1964), Khalid (1975), Fahd (1982), Abdullah (2005) da Salman (2015). Sarauta tana tafiya ne daga wa zuwa ƙane, amma ba kowane babba ne ke samu ba. Ana duba gogewa a mulki, da martabar dangin uwa, da yawan 'yan'uwan da ke bayan mutum. Yarima Muhammad bin Abdul'aziz ya girmi Khalid, amma ya janye masa a 1965. 'Ya'yan Hassa bint Ahmad as-Sudairi su bakwai, ciki har da Fahd, Sultan, Nayif da Salman, sun yi ƙarfi saboda uwa ɗaya uba ɗaya suke, kuma sun daɗe riƙe da ma'aikatun tsaro da na cikin gida. Sarki ɗaya kaɗai aka taɓa tuɓewa, wato Sa'ud, a 1964, da yardar manyan gidan da fatawar malamai. Faisal kuwa ɗan ɗan'uwansa ne, Faisal bin Musa'id, ya harbe shi a Maris 1975.

Sai a 1992 aka rubuta ƙa'ida. Sashe na 5 na Babbar Dokar Mulki ya keɓe sarauta ga 'ya'yan Abdul'aziz maza da zuriyarsu ta wajen maza, a yi wa wanda ya fi cancanta mubaya'a bisa Alƙur'ani da Sunna. A 2006 Sarki Abdullah ya kafa Majalisar Mubaya'a, wadda kowane ɗan Abdul'aziz ke da kujera a cikinta, ko shi da kansa ko ɗaya daga 'ya'yansa. Sarki kan gabatar mata da suna ɗaya zuwa uku don naɗa yarima mai jiran gado. Idan ta ƙi su, ta kawo nata, in aka kasa daidaitawa a jefa ƙuri'a. Idan likitoci suka tabbatar sarki da yarimansa duk sun gaza, ko suka rasu tare, kwamitin riƙo na mutum biyar zai riƙe ƙasa, majalisar ta zaɓi sabon sarki cikin kwana bakwai.

Cikas ɗin gadon wa da ƙane shi ne tsufa. Sultan ya rasu yana jiran gado a 2011, Nayif ya bi shi a 2012. Shi ya sa Abdullah ya ƙirƙiro muƙamin mataimakin yarima mai jiran gado, ya ba Muƙrin a 2014. Tanadin bai ɗore ba. Da hawan Salman Muƙrin ya zama yarima mai jiran gado, amma bayan wata uku aka sauke shi aka ɗora Muhammad bin Nayif, na farko cikin jikokin Abdul'aziz da ya kai wannan matsayi, sannan a Yuni 2017 shi ma aka sauke shi aka naɗa ɗan sarki, Muhammad bin Salman, da ƙuri'a 31 cikin 34. A aikace dai majalisar tana tabbatar da zaɓin sarki ne fiye da ta ja da shi.

Umarnin 2017 ya ƙara sharaɗi a Sashe na 5: bayan zamanin 'ya'yan Abdul'aziz, sarki da yarimansa ba za su fito daga reshe ɗaya na zuriyarsa ba. Ma'ana, sarkin da yake jika ba zai naɗa ɗansa ko ƙanensa ba, sai fa idan an sake dokar, kuma da umarnin sarki ake sake ta. Tun 2017 kujerar mataimakin yarima ba kowa a kanta, kuma a Satumba 2022 aka miƙa wa Muhammad bin Salman muƙamin firaminista, wanda a al'ada sarki ne ke riƙe da shi.