Ciwon barin tramol ba aikin iska ba ne

A fadodin matasa na Damagaram, in ɗan kabu-kabu ya bar tramol ya kama zufa, hamma, zawo da ciwon gaɓoɓi, sai ka ji ana cewa iska ce ta taɓa shi, ko kuma rago ne kawai. Wasu ma cewa suke yi wai ƙwayar ce ke riƙe masa lafiya.

Sam, ba haka ba ne. Jiki yana da nasa sinadaran rage zafi masu aiki irin na tramol, waɗanda aka fara ganowa a 1975. Yana kuma da masu taka musu birki, irin su kolesistokinin da wani da ake kira NPFF, wanda aka ciro daga ƙwaƙwalwar saniya a 1985. Idan mutum ya daɗe yana shan ƙwaya, jiki kan ƙara matsa birkin, wannan na cikin abin da ke sa ƙwaya ɗaya ke komawa huɗu. Ranar da aka daina kwatsam, birkin na nan a matse, ba abin da ke ture shi. A gwaji, ɓerayen da suka saba da mofin, wani maganin rage zafi dangin tramol, sun nuna alamun ciwon barin ƙwaya da aka yi musu allurar NPFF.

Shi ya sa likitoci ke rage ƙwayar sannu-sannu, don jiki ya samu lokacin sakin birkin.